Masu Gyaran Tsinin Wuƙa a Zangon Kwatano

Wuƙar aljihu, irin mai naɗewar nan, ba don kifi aka ƙera ta ba. Maƙeran Turai da suka fara yin ta, da na ƙasar Sin da suka cika kasuwa da ita yanzu, yawanci da tsini mai ɗaga kai suke fito da ita. Irin wannan tsini ya dace da huda buhu, da tsinke igiya, da tsaga goro. Amma ka soka shi a cikin karfasa ka gani. Kafin ka ankara ya nutse fiye da inda ka nufa, ya keta hanji, in da ƙarar kwana ya fasa matsarmama. Da zarar ruwan nan mai launin kore-kore ya malala a kan tsoka, magana ta ƙare. A wanke da lemun tsami, a cuɗa da gishiri, ɗacin yana nan sai ya fito a miya, uwargida ta sha zargin da ba nata ba.

A Kano ko Maraɗi ba kowa ne wannan zai dama ba, don akasarin kifin da ke shiga tukunya a can banda ne, ko kuma mai sayarwa ya riga ya gyara shi. Kwatano ta ƙasar Benin daban take. Gari ne da ruwa ya sa a tsakiya: teku ta kudu, tafkin Nokuwe ta arewa, ga kuma mashigar da Faransawa suka haƙa a 1885 don rage ambaliya, wadda ta haɗa tafkin da teku, ta raba garin gida biyu. A bakin wannan mashiga kasuwar Dantokpa take, kuma nan jiragen ruwan matan Ganbiye da sauran ƙauyukan kan tafki ke sauke abin da mazajensu suka kamo. Masuntan tafkin na da wata dabara tasu da ake kira akaja: su kakkafa rassan itace a cikin ruwa, kifi ya taru yana kiwo yana hayayyafa a ciki, in lokaci ya yi su kewaye da taru su kwashe. Ga kifin teku da ake saukewa a tashar masunta, ga na ƙanƙara da jiragen ruwa ke kawowa a kwali daga ƙasashen waje, domin duk da wannan ruwa, abin da Benin ke kamawa ba ya isar bakunanta. Bahaushen da ya zauna a nan, ko ya so ko ya ƙi, sai hannunsa ya yi ƙarni.

Unguwar Zango na tsakiyar gari, tafiyar ƙafa ce daga tashar jirgin ƙasa da tashar jiragen ruwa, babban masallacinta kuwa ana hango hasumiyoyinsa daga nesa. Hausa ake yi a titunanta, gauraye da Zabarmanci da Dandanci da Yarabanci da Faransanci, Fonanci kuma na jiran kowa a bakin kasuwa. Kakannin wasu mazaunanta fatake ne da suka san hanyar Gwanja, wadda ta ratsa Nikki da Jugu tun kafin Bature ya ja iyaka. Wasu kuwa tashar jiragen ruwa ce ta kawo su, wadda ta fara aiki a 1965, ta zama ƙofar Nijar zuwa teku. Layin dogon da aka shimfiɗa daga Kwatano ya tsaya a Faraku, kilomita 438, bai taɓa kaiwa Nijar ba, don haka tirela ce ta gaji sauran tafiyar zuwa Malanbil da Gaya. Inda duk aka tara direbobi, da yaran mota, da masu gadi, da mahauta, da masu tsire, da masu shayi, to an tara wuƙaƙe. Inda aka tara wuƙaƙe kuwa ba a rasa mai wasa.

Kayan aikinsa ba su cika buhu ba. Dutsen wasa biyu, mai kaushi da mai laushi. Magagari guda ko biyu. Ɗan awartaki, 'yar guduma, guntun fata da aka ɗaure a katako, tsumma, da gwangwanin ruwa. Mai ɗan hali yana da dutse mai juyawa, wani na hannu, wani an haɗa shi da feda da sarƙar tsohon keke, wani kuma na lantarki. Akwai mai zama wuri ɗaya kusa da mahauta, akwai mai saɓa kayansa ya bi layi-layi. Wasunsu jinin ƙira ne, iyayensu sun yi zuga sun yi dukan ƙarfe a kan uwar maƙera da gawayin ƙirya, suna da Sarkin Maƙera a garinsu. Wasu kuwa haye suka yi, ci-rani ya kawo su bakin teku suka ga sana'ar da ba ta neman jari. Maƙerin gado yakan ɗan raina aikin, a wurinsa wanda bai hura wuta ba bai yi ƙira ba. Yana da hujjarsa, sai dai ni ban bi shi ba. Maƙeri na iya mayar da kuskurensa wuta ya buga sabo. Mai wasa ragewa kawai yake yi, abin da dutse ya cinye kuma ba ya dawowa. An ce da zafi-zafi ake dukan ƙarfe, to wannan sana'a kishiyar haka ce, duk ƙwarewarta a hana ƙarfe yin zafi take.

Matan da ke gyaran kifi a bakin Dantokpa daga safe har yamma ba sa wasa da wuƙar aljihu. Tasu doguwa ce mai ƙota ɗaya, da 'yar adda ta sare kai, da wani abin kankare ɓawo. Wuƙa mai naɗewa ta matafiyi ce da gwauro. Direban da zai yi sama da kilomita 700 kafin ya ga gadar Malanbil, yana da risho da tukunya a akwatin gefen mota, yaronsa ne kuku. Mai gadin da ke kwana a ƙofar sito yana dafa nasa. Ɗan ci-rani da ke haya ɗaki ɗaya da 'yan garinsu biyar, kowa da ranar girkinsa. Duk waɗannan na son wuƙar da za ta shiga aljihu ba kube, ta yanka albasa, ta fere doya, ta kuma farke cikin kifi in an samo shi da araha da yamma.

Sau da yawa ma ba don sauya fasali ake kawo ta ba, karyewa take yi. Kifin kwali yana zuwa a manne da juna, daskararre, mai gaggawa sai ya zura tsinin wuƙa tsakanin biyu ya banƙara. Ƙarfen da aka shayar don ya riƙe kaifi ba ya jure banƙara, sai ka ji ƙas. Wani gwangwanin tumatir ya buɗe da ita, wani noti ya so ya kwance. Sai a nufo mai wasa da guntuwar wuƙa.

Cinikin kan fara ne kamar kowane ciniki na Zango.

"Sannu da aiki, Baba."

"Yawwa, sannu samari. Me ya same ta?"

"Bakin ne ya karye. A fito mini da shi kamar da."

"Kamar da? Me kake yanka da ita?"

Wannan tambaya ta ƙarshe ita ke raba gwani da ɗan koyo. Ɗan koyo zai karɓa ya fito da tsini mai kyan gani, siriri, mai sheƙi, wanda zai sake karyewa kafin sati. Gwani sai ya ji aikin da wuƙar ke yi, in an ce kifi ya ƙara da cewa wane iri.

Dalili kuwa, kifi suna ya tara. Karfasar tafki tana da ɓawo da faɗin jiki, cikinta gajere ne, kayan cikin a cunkushe dab da fata. Ita tsini mai sunkuyar da kai take so, wanda za a sa a dubura, kaifi na kallon sama, a tura zuwa ƙarƙashin kai, gadon bayan wuƙar na zamewa a kan hanji ba tare da ya kama shi ba. Tarwaɗa ba ta da ɓawo, sai yauƙi da fata mai tauri da ƙoƙon kai kamar ƙwarya, ga ƙayoyi biyu a gefe da ke raunata hannun wanda bai saba ba. Ita tana buƙatar tsini mai ɗan ƙarfi da zai iya huda fata, don haka ba a dakushe shi sosai. Kifin ƙanƙara, da ya narke sai ya yi laushi, abin da yake nema kaifi ne kawai, wuƙa marar kaifi dagargaza shi take yi. Turawa na da wata siririyar wuƙa mai lanƙwasa da suke zare tsoka daga ƙaya da ita, tsininta a ɗage. Wannan ba girkinmu ba ne. Mu da kai da ƙaya muke dafawa, a farke ciki, a cire jajayen nan na cikin kai, a tsattsaga gefe don yaji ya shiga, a gunduwa. Wanda ya kwaikwayi fasalin wuƙar Bature don ya gyara karfasa ya wahalar da kansa a banza.

To yaya ake aikin? Ƙa'ida ta farko, wadda duk gwani ya yarda da ita, daga baya ake ci. Ruwan wuƙa yana da gefe biyu, kaifi da gadon baya. Mai son ya fito da sabon tsini yana iya cin kaifin ya hau da shi sama ya tarar da baya, ko ya ci bayan ya sauko da shi ya tarar da kaifi. Hanya ta farko tana da sauri, amma ɓarna ce. Ruwan wuƙa kauri yake ƙarawa in ana hawa sama, saboda haka wanda ya ci kaifi zai ƙare da baki mai kauri da sai an sake sirance shi gaba ɗaya, kuma tsinin ya ƙara ɗaga kai, abin da ake gudu ke nan tun farko. Wanda ya ci daga baya kuwa bai taɓa kaifin da masana'anta ta fitar ba, tsinin kuma ya sauko ya daidaita da tsakiyar ƙota, inda hannu ya fi iya sarrafa shi.

Sai ya ja layi. Wani da alli, wani da alƙalamin nan mai baƙin tawada, wani da bakin ƙusa. Layin yakan faro daga kamar santimita 2 ko 3 kafin ƙarshe, ya gangaro a hankali, ba a tsaye ba. Abin da za a zubar ɗan kaɗan ne, 'yan milimitoci. A nan akwai tarko guda: 'yar tsagar da ake sa farce a buɗe wuƙa tana kusa da gadon baya, in layi ya cinye ta, an sami wuƙar da sai da awartaki za a buɗe. Yakan naɗe kaifin da tsumma ko guntun roba don kare yatsu, ya tabbata wuƙar ba za ta rufe a kan hannunsa tana tsakiyar aiki ba, domin da yawansu ba su da makulli, sifirin ne kawai ke riƙe da su. Tabon da ke yatsun tsofaffin masu wasa yawanci daga nan ya samo asali.

In ƙarfen mai taushi ne magagari ya isa. In mai tauri ne sai ka ji magagarin na santsi yana kuka ba ya ci, sai a koma dutse. Ana ci ana dubawa. Da an kusa layi sai a sassauta, a goge kusurwoyin bayan su yi sumul, don baya mai kaifin gefe shi ma yana keta hanji, yana kuma cin babban yatsan mai riƙo. Daga nan a ɗan sirance kafaɗar tsinin ta gefe biyu daidai wa daida, a wasa a dutse mai kaushi har sai wani siririn leɓe ya fito a ɗaya gefen, wanda yatsa ke ji ido bai gani ba, a juya, a koma dutse mai laushi, a ƙarasa a fata. Masu auna abu da ma'auni sun ce kwanciyar wuƙa a kan dutse ta kasance digiri 15 zuwa 20 kowane gefe. Baba bai san da wannan lissafi ba, wuyan hannunsa ne ya haddace, kuma in ka auna za ka tarar bai kauce ba.

Saura abin da ya bambanta wuƙa mai naɗewa da kowace wuƙa, wato rufewa. Wuƙar mahauci in an gama wasa an gama. Ta aljihu sai an naɗe ta an ga inda tsini ya kwanta. Dole ya ɓuya a cikin ƙota, in ya leƙo ko da kaurin farce ne zai yaga aljihu, ya yanki yatsan da ya shiga neman canji. Tsohuwar wuƙar da ta sha wasa shekara da shekaru ta kan kamu da wannan cuta, saboda kaifin ya yi ta janyewa sama, tsinin na binsa, har ya fito waje. Sauko da gadon baya kan magance ta. In bai isa ba, akwai wata 'yar dunduniya a gindin ruwan wuƙa, wadda ke tokarar sifirin in an rufe. A shafe ta da magagari sau ɗaya ko biyu, sai ruwan ya ƙara nutsewa. Amma wurin na kusa da ƙusar da wuƙar ke juyawa a kai, ɗan abin da aka rage a nan yana ninkuwa sau da yawa a can ƙarshe. Hannu ya zarce kaɗan, sai kaifi ya riƙa dukan sifirin duk rufewa, yana dakushe kansa da kansa, kuma babu mai mayar da dunduniyar da aka cinye. Shi ya sa za ka ga gwani ya shafa sau ɗaya, ya rufe, ya ɗaga wa haske, ya shafa tafin yatsa a kan ƙota, sannan ya yanke shawarar ko zai ƙara.

Babban abokin gabar wannan aiki shi ne injin lantarki a hannun mai sauri. Ƙarfen wuƙa ya sha wuta sau biyu kafin ya baro masana'anta. An gasa shi ya kai wajen digiri 800 aka tsoma a mai ko ruwa ya yi tauri, sannan aka sake ɗumama shi a wajen digiri 200 don ya rage gautsi. Duk abin da ya sake kai shi sama da wannan zafi na biyu ya warware aikin. Tsini kuwa siriri ne, ba shi da jikin da zai sha zafi, daƙiƙa kaɗan a kan dutsen inji sun isa. Ƙarfen da kansa yana faɗa: ya fara yin ruwan ƙasa-ƙasa kamar karan dawa, ya koma shunayya, ya koma shuɗi a wajen digiri 300. Da ka ga shuɗi, wurin ya mutu. Zai yi kaifi a ranar, ya yanka takarda a gaban mai shi, gobe ya lanƙwashe a kan ƙayar tarwaɗa. Marar tsoron Allah sai ya goge shuɗin da takardar yashi ya miƙa maka abinka yana sheƙi. Saboda haka gwangwanin ruwan nan da ke gefen mai wasa ya fi injin daraja. Taɓa, tsoma, taɓa, tsoma, yatsa na kusa da tsini, in yatsa ya ji zafi to a dakata. Tartsatsin da ke burge yara masu kallo ba alamar gwaninta ba ne.

Wuƙaƙen da ke zuwa hannunsa ma suna da nasu tarihin, ko da masu su ba su sani ba. Akwai Okapi, mai zoben da ake ja a rufe, wadda aka fara ƙerawa a Solingen ta Jamus a 1902 musamman don kasuwar Afirka, a 1988 kuma aikin ya koma Afirka ta Kudu. Ƙarfenta ba shi da taurin kai, magagari na cinsa, tana ɗaukar kaifi nan da nan, tana kuma sakinsa nan da nan. Akwai Douk-Douk ta kamfanin Cognet a garin Thiers na Faransa, tun 1929, mai ƙotar farantin ƙarfe da aka ninke, siririya har ta ɓace a aljihu. An yi ta ne don tsibiran tekun Pasifik, ba ta karɓu a can ba, sai ta sami gida a ƙasashen Afirka da Faransa ta mallaka. Da yake hoton wani dodon tsibiran ne a ƙotarta, kamfanin ya fito da wata don kasuwar Musulmi, El Baraka, aka sa mata tambarin nan na Agadas. Sifirinta da ƙarfi yake, masu wasa na kaffa-kaffa da ita. Sai Opinel, wadda Joseph Opinel ya fara a 1890 a yankin Savoie, aka ƙara mata zoben kullewa a 1955. Ita ba ta da sifirin, ruwanta a cikin tsagar katako yake kwanciya, kuma katakon in ya sha ruwan kifi sai ya kumbura ya riƙe ruwan gam, sai an buga gindinta a kan teburi kafin ta buɗe.

Waɗannan tsofaffin hannu ne. Abin da ya fi yawa a faranti da baro yau ƙirar Sin ce, da yawa daga garin Yangjiang, wasu masu kyau, wasu kuwa kwaikwayo ne da aka buga wa sunan da ba nasu ba. Mai wasa ba ya karanta tambari. Shafa ɗaya a dutse ta gaya masa ko ƙarfe ne ko gwangwani, kuma na kirki a cikinsu zai faɗa maka gaskiya cewa kuɗin gyaran ya kusa kuɗin sabuwa.

Iskar Kwatano ma tana da nata hukunci. Gishirin teku na cikinta, damina biyu ake yi a shekara, baƙin ƙarfe in ya kwana da jinin kifi sai ya wayi gari da tsatsa. Farin ƙarfen da ba ya tsatsa, wanda Harry Brearley ya gano a Sheffield ta Ingila a 1913, ya fi dacewa da bakin teku, ko da yake mai arahar cikinsa yana da wuyar wasa, leɓen nan ya yi ta lanƙwasa hagu da dama ya ƙi faɗuwa. Tsofaffi sun fi son baƙin, su ce shi ke jin dutse. Kowanne mutum ya zaɓa, akwai aibin da mai wasa ba zai iya cire wa wuƙa mai naɗewa ba: tana da lungu. Yauƙi da jini da ɓawo na shiga cikin ƙota da gindin ƙusa su maƙale, zafin aljihu ya dafa su, gobe a yanka wa yaro mangwaro da ita. Wankin sama-sama ba ya fitar da su. Sai an buɗe ta rabi, an bi lungun da tsinke da ruwan zafi da sabulu, an shanya ta a buɗe, an ɗiga man gyaɗa a gaɓar. Ban da baƙin mai, don na ga masu ɗiga shi, alhali abinci za a yanka.

Ta fuskar samu, sana'ar ta 'yan canji ce. A bakin mutanen Nijar dala ake lissafi, wato sefa 5, jaka kuma sefa 1,000, wasa ɗaya kuwa ba ya kai mutum ga jaka. Gyaran tsini ya fi wasa tsada, amma ba yadda ya fi shi cin lokaci ba, shi ya sa mai neman na cefane ke jin kiran injin lantarki. Abin da ke riƙe mai wasa shi ne mahauta da masu tsire da teloli masu almakashi, waɗanda ke dawowa kowane mako. A Janairun 2017 gwamnatin Patrice Talon ta kwashe rumfuna da tebura daga gefen manyan titunan Kwatano, masu ƙananan sana'o'i da yawa suka koma lunguna ko suka koma yawo. Bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 a Yamai kuma aka rufe iyakar Benin da Nijar, tireloli suka yi cirko-cirko, kuma unguwar da ke ci daga zirga-zirgar arewa ba ta buƙatar a ba ta labari. Direban da bai yi lodi ba ba ya sayen kifi, balle ya gyara wuƙa.

Kakarsu ita ce Babbar Salla. Kwana biyu kafin Layya za ka ga layi, kowa da wuƙaƙe a naɗe cikin jarida ko tsohon buhu, da adda, da gatari, wasu tun bara ba a taɓa su ba. A irin wannan rana babu mai lokacin ja maka layi da alli, babu mai haƙurin taɓa-tsoma, ba a kuma fafe gora ranar tafiya. Yaran da ke koyo ma a ranar ake sakar musu inji, bayan sun shafe watanni aikinsu ɗebo ruwa da juya dutse da kallon hannun maigida.

Ga mai gyaran kifi kullum, ko mai sayarwa ko uwargida mai babban gida, shawarata ya sayi wuƙa mai ƙota ɗaya ya huta, ta fi tsabta, ta fi aminci a hannu mai santsi. Wuƙar aljihu ta wanda hanya ta zama gidansa ce. In kana cikin irin waɗannan, kai ta ranar da ba cunkoso, ka gaya wa mai wasa irin kifin da kake ci, ka tsaya a yi a gabanka. Duba ko akwai gwangwanin ruwa a gefensa, ko kuma daga baya ya fara ci. Kafin ka biya, naɗe ta ka shafa yatsa a kan ƙota. In tsini ya taɓa ka, mayar masa, aiki bai ƙare ba.